Sunan da Ya Maƙale Mini a Maƙogwaro

Ku gyara zama, 'yan'uwa, kuma wadda ta san ta bar tuwo a kan wuta ta je ta sauke tukuna, don ba zan ɗauki alhakin ƙauri ba.

Sunana Ummulkhairi, amma a unguwarmu ta Utaibiyya a nan Makka, Hairiyya ake kirana. A nan aka haife ni. Kano ban santa ba sai a bakin Babana, wanda in ya fara ba ka labarinta sai ka ɗauka zuma ce ke gudu a kwatocinta. Babana shi ne Wada mai tsire, Amm Wada in ji Larabawa, waɗanda ke yin layi a gaban tukubarsa suna shan yaji suna hawaye suna cewa a ƙaro.

Abin ya faru ne a shekarar da aka fara rushe gidajen kusa da Harami za a faɗaɗa shi. Alhazai sun watse, gari ya yi sako-sako, sai mutanen gidanmu suka sami sararin sa ni a gaba. Mutum biyu ne suka aiko neman aurena.

Na farko direba ne, yana jan lorin alhazai tsakanin Jidda da Makka. Sunansa Idris. Kun ga rubutawa na yi, alƙalami ba baki ba ne, amma daga yanzu "mai lori" za ku riƙa ji daga gare ni, dalili yana tafe. Kyakkyawa ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Farar jallabiya mai guga, agogo a hannu, ƙamshi kamar an fasa kwalba. Hausarsa dai duk ta zube a hanyar Jidda, in ya fara "ina wuni" da Larabci yake ƙarasawa. Ba ya dawowa daga tafiya bai aiko wa Ummata da wani abu ba, yau yadin siliki, gobe gwangwanin halawa. Umma Shatu kuwa, Allah ya bar mana ita, da ta shafa siliki sai ta ga mutum ya cika mutumin kirki.

Na biyu Lurwanu, malamin makaranta a unguwar Zahir. Iyayensa sun taso daga Zazzau suka maƙale a Sudan, can ya yi karatu, ya leƙa Masar, ya dawo da tabarau mai ɗaurin zare a kunne ɗaya da wani karatu da ya ce sunansa ilimin zamantakewa. Iyakar abin da ya taɓa aiko mana lemon tsami ne a ƙulle cikin hankici, lokacin da Umma ke mura. Amma ni tun ranar da na leƙo shi ta tsagar katakon taga, sun yi kiciɓis da jakin mai ruwa a lungunmu, ya raɓe jikin bango yana ce wa jakin "tafaddal," wato "bismillah, wuce," zuciyata ta gama shari'a. Ina son sa. Ku na gaya wa, ba wani ba.

Baba ya ce shi ba zai zaɓa mini ba. Amma kuma ba zai iya duban idona ya tambaye ni ba, ni ma ko ya tambaya sai dai ƙasa ta tsage in shige. Don haka ya ɗora wa Hajja Baraka aikin gano inda zuciyata ta karkata, ya ce kafin watan Safar ya kama yana son amsa, wanda ta ce shi za a ba.

Hajja Baraka tsohuwa ce mai haya a ɗakin ƙasa na gidanmu. Da ƙafa ta zo Makka, ta ratso Chadi da Sudan, ta binne miji biyu a hanya. Ita ce ungozomar unguwa, ita ta yanke mini cibi. Ɗakinta yana da ƙofa ta lungu, ta nan Lurwanu ke shigowa da la'asar ya zauna yana yi mata tambayoyi a kan al'adun Hausawa, waɗanne suka tsira a Makka, waɗanne suka mutu. Ni ce mai dafa musu shayi a bayan labulen da ya raba ɗakin da tsakar gida. In na ji sallamarsa sai in ce, "Hajja, baƙonki ya iso," in koma gindin murhu in baza kunnuwa.

Wata la'asar ya shigo yana rawar jiki.

"Hajja, na samu nazariyya!"

"Masha Allah! 'Yar gidan wa ce? Au, ka fasa da tamu ke nan?"

Saura kaɗan in kifar da butar shayi.

"Ba mace ba ce, Hajja. Nazariyya ita ce magana guda wadda za ta bayyana abubuwa da yawa. Da farko mutum zai yi ta dubawa. Na zaga gidajen Hausawa, na nan da na Zahir, na wanda ya zo jiya da na wanda kakansa ne ya zo. Yara sun manta Hausa, an bar tuwo an koma shinkafa, amma abu ɗaya bai mutu ba. Ban sami mace ɗaya mai faɗar sunan mijinta ba."

"Wannan ne karatun Masar? Ai ko akuyar gidan nan ta sani."

"Dakata mana. Kowa ya san matar aure ba ta faɗa. Ni abin da na ce, ba aure ne ke ɗaure harshen ba, so ne. Kunyar tana riga ɗaurin aure zuwa. In maganata gaskiya ce, to budurwar Bahaushiya, ko a ina aka haife ta, da ta fara son mutum sunansa zai gagare ta. Ka ga daga abin da ka gani ka tsallaka zuwa abin da ba ka gani ba, sannan ka je ka gwada."

Na ji ƙarar carbin Hajja ta tsaya, na san tsohuwar nan ta hango hanyar sauke kayan da Baba ya ɗora mata.

"Kwayyis, ya yi kyau. Ga 'yar gidan nan. Mu gwada a kanta."

Na ɗauka zai ce a'a. Na ɗauka zai ce, haba Hajja, wannan ai ba abin gwaji ba ce. Sai na ji ya yi gyaran murya irin ta wanda ya riga ya san sakamako, ya ce, "Ba laifi. Amma kada ta sani. In mutum ya san ana lura da shi, halinsa yakan canza."

Lallai! Wato ni tururuwa ce da za a zuba wa sukari a ga ina za ta nufa? Kuma ji yadda ya saki jiki, kamar an riga an shafa fatiha. Raina ya ɓaci, amma can ƙasan ɓacin ran wata dariya ke motsi. Na gyara mayafina, na tura tiren shayi ta ƙarƙashin labule, na ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji.

"Hajja, ga shayin Lurwanu! A tambayi Lurwanu ko sukarin ya ji. In bai ji ba Lurwanu ya yi magana."

Na ji cokali ya faɗi ƙasa.

Daga ranar na mai da sunan nan abin yayyafi. Lurwanu ya bar takalminsa a rana. Wancan ba tarin Lurwanu ba ne? Umma, kin san Lurwanu ba ya cin kuɓewa? Har kyanwar gidanmu na ce tana tafiya kamar Lurwanu. Kowane faɗa ɗaya sai in ji kunnuwana sun yi zafi, amma na daure. Hajja tana zaune a kan tabarmarta tana jan ƙaramin carbi, idonta a rufe kamar mai gyangyaɗi, alhali ko numfashina ba ya wuce ta.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne ɗaya ɓangaren.

Ran nan mai lori ya aiko da wani yadi ruwan goro mai zanen zinariya. Umma ta baza shi a kan gado tana shafawa. Hajja ta hauro sama da ƙyar tana nishi, ta dube ni.

"Ya binti, 'yata, wa ya aiko da wannan?"

"Mai lori."

"Mai lori ba shi da suna?"

"Wancan ɗin dai. Ɗan gidan su Rabi'atu."

"Na ce miki sunansa."

Na sunkuyar da kai na fice. Ina fita na ji Hajja ta tafa hannu ta ce, "Halas! An gama!"

To ga dalilin da na yi muku alkawari. Wada ba sunan yankan Babana ba ne. Laƙabi ne da kakata ta sa masa don an haife shi shekarar da aka yi hatsi, ya bi shi har Makka, ya shafe na gaskiyar. Sunan yankansa shi ne sunan mai lori. Duk unguwar nan ba wanda ya sani sai shi da Umma da ni. Yaya 'yar halas za ta buɗe baki ta kira sunan ubanta gatsal kamar sa'anta? Ko da wasa ban taɓa ba.

Za ku ce, to ki faɗa wa Hajja mana. In ce mata me? "Hajja, ba son sa nake ba, sunan Baba gare shi"? Sai ta ce, to wa kike so? Ai na tona kaina ke nan. Umma kuwa da ta san komai, sai ta ninke yadin nan a hankali, ta sa a akwati, tana wani murmushi. Da na kalle ta sai ta ce, "Esh fi? Me ya faru? Ni na ce wani abu?" Ba ta ce ba kuwa. Shirun nata ne ya fi magana ciwo.

Washegari da la'asar Hajja ta ba Lurwanu sakamako. Ina bayan labule, garwashi na ci, ni ma ina ci.

"Ya waladi, ɗana, Nazariyyarka ta yi aiki, amma a kanka ta faɗo. Naka sunan tana watsa shi kamar tsaba. Na Idris kuwa ko da zare ba za ka jawo shi daga bakinta ba."

Da ya yi magana, muryar nan mai rawar jiki ta tafi.

"Na ji."

Tausayinsa ya kama tsohuwar. "Kada ka sa a ranka. Wataƙila kai take so, tana faɗar naka ne don ta ɓoye. 'Yan mata ai sai Allah."

Na dafe ƙirji. Yauwa Hajja! Allah ya ja kwana! Kama wannan igiyar, malam, kama!

"A'a, Hajja. Ba zan yarda da wannan ba."

"Don me?"

"In ta ƙi faɗa in ce so ne, in ta faɗa in ce so ne take ɓoyewa, to me za ta yi in yarda ba ta so na? Babu. Maganar da ba abin da zai iya ƙaryata ta ba ilimi ba ce, lallashin kai ne. Tun kafin mu fara na faɗi abin da zan gani in ina da gaskiya. Ba zan canza ma'auni don awo bai yi mini daɗi ba."

Wallahi 'yan'uwa, da butar nan ba ta Umma ba ce da na jefa masa ita ta cikin labule. Mutum ana miƙo masa tsani yana cewa a duba ko katakon halas ne! Amma kuma, ban san yadda zan gaya muku ba, a daidai lokacin son sa ya ƙara shiga raina har na ji ƙwalla. Mutumin da ba zai yi wa kansa ƙarya ba, ni ma ba zai yi mini ba.

Hajja ta ce, "To in je in gaya wa Wada?"

"Tukuna. Mai gini yakan hari bango da kafaɗa kafin ya ɗora rufi. Mun ga tana gudun sunan, amma ba mu san me take gudu ba, mutumin ko sunan. A nemo wani Idris ɗin wanda ba neman aurenta yake ba. In ta faɗi nasa, to mutumin take kunya, ni kuma na haƙura. In shi ma ta ƙi, akwai wani abu a ƙasa da ba mu sani ba."

"Akwai tsohon nan mai gyaran fitila a bakin masallaci."

"Wannan dattijo ne, ko yaya sunansa ba za ta faɗa ba, girmansa zai hana. Ba zai raba mana gardama ba. Sai wanda ba a jin kunyarsa ko kaɗan."

Hajja ta yi wata dariya ƙasa-ƙasa. "Jinjirin Asiya. Da hannuna na karɓe shi, kuma sunan da ubansa ya raɗa masa ke nan."

A ranar ko ɗanɗanon shayin ban yi ba na tura musu, na manta ban sa sukari ba. Bai ma lura ba.

Asiya maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya. Hajja ta aika mata cewa ta kawo yaro a duba cibiyarsa. Ni kuwa da safen na ci ado kamar mai zuwa biki, na sa doguwar riga ruwan ganye mai aiki a wuya, na naɗa farin mayafi, na zizara kwalli. Umma ta dube ni ta ce, "Ina zuwa?" Na ce, "Baƙo za mu yi."

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Asiya ta kwance yaron daga zani, wani ɗan dumurmur mai kumatu. Hajja ta ɗan latsa cibiyar don cika umarni, sannan ta miƙo mini shi.

"Karɓi, Hairiyya. Kin ma san sunansa kuwa? Kira shi mu ji ko zai waiwayo."

Umma tana gefe tana tsince shinkafa. Na ga hannunta ya tsaya.

Na rungumi yaron, na ɗaga shi sama, na dube shi ido cikin ido, na durƙusa da gwiwa ɗaya kamar yadda nake gaida Baba.

"Barka da hantsi, Abbana. An tashi lafiya, Baba ƙarami? Yau ba a fita kasuwa ba? Wa ka bar wa tukubar, ga Larabawa can sun yi layi?"

Umma ta sarƙe da tari ba abin da ta haɗiya. Asiya ta ce, "Wace tukuba kuma?" Hajja kuwa ta buɗe idanun nan nata duka biyu, abin da ba ta cika yi ba. Ta dube ni, ta dubi jinjirin, sannan ta juya a hankali ta fuskanci Umma.

"Shatu."

"Na'am, Hajja."

"Mene ne sunan yankan mijinki?"

"Haba Hajja! A gaban yara?"

"To ni zan faɗa, ke ki ce a'a in ba haka ba ne. Idris?"

Umma ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa. Mace mai 'ya budurwa, amma kunnuwanta kamar na amarya. Ba ta ce a'a ba.

"La ilaha illallahu!" Hajja ta riƙe haɓa. "Tun ba a haifi yarinyar nan ba nake cin tsiren mutumin nan ban san sunansa ba! Ke kuma Shatu kina kallo zan aurar da 'yarki a kan kuskure, kika yi gum saboda tsumma mai ƙyalli?"

Daga cikin mayafi Umma ta ce, "Ni fa ba a tambaye ni ba."

Na miƙa wa Asiya ɗanta na shige ɗaki ina taka rawa ba kiɗa. A zatona an gama. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Da la'asar Hajja ta kwashe labari ta gaya wa Lurwanu, har da kwaikwayon tarin Umma. Ya yi dariya har na ji yana buga cinya. Yana cewa, "Kin gani, Hajja? Abubuwa biyu ne suka haɗu a wuri ɗaya, muka ba ɗaya ladan ɗaya. Da ba mu gwada ba fa?" Ina murmushi ni kaɗai ina zuba sukari cokali bayan cokali. Sai dariyar ta yanke.

"Amma wannan bai ce komai a kaina ba."

"Kamar yaya?"

"Hujjar da ke nuna tana son Idris ta rushe. Wadda ke nuna ba ta so na tana nan daram. Har kyanwa ta raɗa wa sunana, Hajja. Abin da muka sani yanzu shi ne, cikinmu biyu ba wanda take so. Ba zan tsaya in zama nauyi a kanta ba. An daɗe ana nemana koyarwa a Madina, zan amsa. Gobe zan zo in gaya wa Amm Wada na janye."

"Kai," in ji Hajja, "na ga wawaye daga Fort Lamy ta Chadi har Port Sudan, amma ban taɓa ganin mai tabarau ba sai yau."

Bai ko tsaya shan shayin ba. Na zauna gaban murhu har garwashin ya mutu. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma ga shi ya doke ni har cikin ƙashi. Tsoro ne ya kama ni, tsoro na gaske, irin wanda ban taɓa ji ba.

Washegari bayan la'asar, kafin Baba ya fita hura wuta, na ji sallamarsa a zaure. Ba ta ƙofar Hajja ya shigo ba, ta babbar ƙofa ya zo, abin da bai taɓa yi ba. Suka yi magana ƙasa-ƙasa. Can sai ga Baba ya shigo tsakar gida, hularsa a karkace, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakina ya juya mini baya, yana duban tulun ruwa kamar da shi yake magana. Hajja ta fito ta zauna a kan turmi. Umma ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu.

"Ummulkhairi."

"Na'am, Baba."

"Hajja ta ce ba takwarana ba ne. Wannan kuma ga shi a zaure ya ce ya janye, wai ya auna ya ga ba kya son sa. Ni ban san me ya auna da shi ba. In haka ne ba komai, Allah ya kawo wani. In kina da magana kuma, yanzu ne."

Zauren nan ba nisa, duk abin da aka faɗa a tsakar gida ana ji. Na kama bakin ƙofa. Bakina dai, kun san shi, ba ya rasa abin cewa.

"Baba, a tambayi malamin. Shi da ya ce in mutum ya san ana lura da shi halinsa yakan canza, da me ya zaci aka yi labulen Hajja? Da dutse?"

Sai na ji wani abu ya faɗi a zaure, ina jin tabarau ne.

"Ta... ta ji? Tun daga ranar farko?" Muryarsa ce daga zaure. "To gwajin gaba ɗaya ya lalace! Hajja! Hajja, don Allah ki tuna. Kafin ranar nan, kafin mu yi maganar, me take kirana?"

Hajja ta ɗaga kai sama tana motsa baki. Ta daɗe. Sannan ta saki carbin ya zube a cinyarta.

"Wallahil azim. Tun da ka fara zuwa gidan nan ban taɓa jin ta faɗa ba. Baƙonki, baƙonki. Baƙonki ya iso, baƙonki ya tafi. Sai ranar."

Baba ya gyara hularsa. Na ga kafaɗunsa suna motsi, na san dariya yake dannewa.

"Ni dai mai tsire ne, ban je Masar ba. In ina son in san nama ya gasu, ɗanɗanawa nake yi. Ummulkhairi, bar zagaye-zagaye. Faɗi sunan wanda kike so da bakinki, in ji, a wuce wurin."

Abu mai sauƙi. Sunan da na yi makonni ina jifa da shi ta taga, na liƙa wa takalmi, na liƙa wa kyanwa. Na buɗe baki. Harshena ya hau ganɗa zai fara, ya tsaya a can. Na haɗiyi yawu na sake gwadawa. Iska ce kawai ta fito. Fuskata ta ɗauki zafi, idona ya cika, sunan nan ya tokare mini a maƙogwaro, ba ya gaba ba ya baya. Wannan karon ba wasa nake ba, kuma duk wanda ke tsakar gidan ya san ba wasa nake ba. Na ja mayafi na rufe fuska na sulale ƙasa a bayan ƙofa.

Daga zaure muryar ta taso, rabi dariya rabi kuka.

"Amm Wada, a gaskiya wannan ma ba za a kafa hujja da shi ba, tunda ta san ana saurare..."

"Kai, rufe mana baki!" in ji Baba. "Je ka turo manyanka."

Hajja ta rangaɗa guɗa da 'yar muryarta ta tsufa. Ni kuwa ina bayan ƙofa ina kuka ina dariya, ban san wanne ya fi yawa ba.

Umma ce kaɗai ba ta motsa ba. Ta juya ludayin a hannunta, ta dube shi, ta ce a hankali, "Malam, akwai 'yar magana."

Baba ya waiwayo.

"Ran nan, da Hajja ta ce halas... na aika wa uwar mai lorin nan cewa an ba su. Sun ce yau bayan la'asar kawunansa za su kawo goro."

A bakin lungunmu muka ji lori ta tsaya, aka kashe inji, ƙofofi suka fara buɗewa.